DON ALLAH MU DAINA GINA WA IYAYENMU TANDERU DA SUNAN GIDA

'Yan uwa mazauna ƙasashen waje, musamman mu da ke neman halal a Jidda, Makka, Madina da Riyad, har da na Kumasi, Yawunde, Injamena, Landan da sauran wurare. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta shi har ƙarshe, domin magana ce ta guminku.

Ni ba injiniya ba ne. Allo na yi, sai firamare, sauran iliminmu a bakin aiki muka same shi, muna ɗaukar bulo muna kallon yadda masu sani suke yi. To amma wanda ya shekara da shekaru yana aikin gini a ƙasar da rana take kamar wuta, dole idonsa ya buɗe a kan wasu abubuwa. Abin da zan yi magana a kai shi ne TAGA. Eh, taga, windo. Na san wani zai yi dariya ya ce duk matsalolin da ke gabanmu na iƙama da kafil da canjin riyal, sai taga? To ɗan uwa, ka tsaya ka ji.

Kusan kowannenmu da ya bar gida, babban burinsa ɗaya ne: ya tara ɗan abin da ya samu ya gina wa mahaifiyarsa ko iyalinsa muhalli. Wata 'yar uwa aikatau take yi, tun asuba har tsakar dare tana tsaye. Wani wankin mota yake, wani kiwo a sahara, wani leburanci. A nan Saudiyya, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku saboda tsananin zafi, kuma mun san da yawanmu ba a ba mu wannan hutun. Da irin wannan wahala ake haɗa kuɗin da ake turawa gida. Sai gini ya kai linta, a kira ka a waya a ce, "Yaya, wace irin taga za a sa?" Kai kuma ba ka ko tsaya tunani ba sai ka ce, "A sa ta gilashi mai alminiyom, irin wadda ake ja gefe, baƙa mai sheƙi, irin ta nan." Dalili? Don in an wuce ta ƙofar gidan a ce wannan gidan ɗan Saudiyya ne.

Wallahi da yawanmu ba don mazauna gidan muke zaɓar taga ba, don masu wucewa muke zaɓa. Kuma masu wucewa ba su ne za su kwana a ciki a watan Afrilu ba.

Ka duba gidajen da kake kwaikwayo a nan. Kowane ɗaki akwai mukayyif a bango, yana aiki dare da rana, wuta ba ta ɗaukewa sai da wani babban dalili. Tagar gilashi an yi ta ne don gidan da aka rufe ruf, na'ura tana sanyaya shi. Balarabe ba ya buɗe tagarsa don shan iska, haske kawai yake nema da ita. Yanzu ka ɗauki wannan tagar ka kai ta Gusau, ko Azare, ko Maraɗi, ko wani ƙauye a Katsina inda ko turken wuta babu. Ka ɗauko jikin tsarin, ka baro ransa a Jidda.

Kada ka ce ai za ka sa janareta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta hau, har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 kuma an kai kuɗin wutar masu Band A naira 225 kowane yunit, su ne fa waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Unguwarku tana Band A? 'Yan uwanmu na Nijar su ma sun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba su, birane suka shiga duhu. Na Gana kuwa ba sai an ba ku labarin dumso ba. To wa zai riƙa biyan kuɗin sanyaya gidan nan kullum? Kai ne. Kuma ran da aka yi maka tarhil, ko kafil ya riƙe albashi wata uku, ranar Hajiya za ta kwashi tabarmarta ta koma tsakar gida, ta bar maka ɗakin gilashinka.

Bari in kawo misalin da kowa ya sani. Ka bar mota a rana, gilasai a rufe, ka dawo bayan awa ɗaya. Ko sitiyari ba ka iya taɓawa. Me ya sa? Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya dumama kujeru da komai, amma zafin ba ya samun hanyar fita. Abin da ke faruwa a ɗakin da aka yi wa babbar tagar gilashi ta fuskanci gabas ko yamma ke nan. A Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin bazara yana haura digiri 40. Sama kwano, bango bulo na siminti marar kauri, gefe gilashi. Wannan ɗaki ne ko tanderu?

Sai kuma shi kansa alminiyom ɗin. Ku tambayi matanmu, me ya sa ake tuƙa tuwo da muciya ta itace? Ka bar cokalin ƙarfe a cikin miya tana tafasa, minti biyu ba za ka iya riƙe shi ba. Muciya kuwa tana cikin tukunya, hannu yana riƙe da ita lafiya lau. Alminiyom yana wuce da zafi fiye da katako sau sama da dubu. Firam ɗin tagarka in na alminiyom ne ko na ƙarfe, duk zafin da ya sha a waje cikin ɗaki yake zubawa. Katako kuwa tare zafin yake yi. Lokacin hunturu ma haka, sanyi ba ya ratsa shi kamar yadda yake ratsa ƙarfe.

Wani abin da ba a lura da shi: tagar da ake ja gefe rabi kawai take buɗewa. Ka biya kuɗin taga guda, iskar rabin taga kake samu, domin dole ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya. Tagar katako mai marfi biyu kuwa in ka tura ta, gaba ɗaya ramin a buɗe yake. In kuma kafinta ya yi maka irin mai falle-fallen katako a karkace, to ko a rufe take iska tana shiga, rana ba ta shiga, ruwan sama yana zamewa waje, na waje kuma ba ya ganin na ciki.

Maganar iska ba ta jin daɗi ba ce kawai, ta lafiya ce. Manyanmu ba su manta sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kashe sama da mutum dubu 11 a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Har yau duk bazara ma'aikatan lafiya suna shiga rediyo suna roƙo a daina cunkoso a ɗaki, a buɗe tagogi iska ta riƙa ratsawa. Tarin fuka ma a ɗakin da iska ba ta zagayawa ya fi saurin kama mutane. Ga hayaƙin janareta da na gawayi, wanda sau nawa muna jin ya kashe iyali guda suna barci a ɗaki rufaffe. Rigakafi ya fi magani, kuma taga mai shan iska tana cikin rigakafin.

Sai maganar sutura, wadda mu Musulmi bai kamata mu yi wasa da ita ba. Ana ruɗin mutane da gilashin nan mai kama da madubi, wai na waje ba ya ganin ciki. Da rana ne kawai. Da dare, da zarar an kunna fitila a ciki, abin juyawa yake yi: na waje yana kallon iyalinka tar, su kuma ba sa ganinsa. Sai a koma a rataya labule mai kauri, ɗan iskar da ta rage ma a toshe ta. Ka sayi gilashi don haske, ka sayi labule don tare hasken, ka sayi fanka don iskar da ka hana shiga. Wannan wane irin lissafi ne?

Ku da kuke Jidda, don Allah ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ku shiga Balad ku ɗaga kai sama. Waɗannan tagogin katako da suka fito daga jikin bango, masu ado, ana ce musu rawashin. Tun kafin a san wutar lantarki mutanen Jidda suka yi wa zafi da gumin bakin teku wannan dabara. Katako mai ƙarfi ake kawowa ta jirgin ruwa daga Indiya da Jawa, a sassaƙa shi da ƙananan ramuka, iska ta shiga, rana ta tsaya a waje, matan gida su ga titi ba tare da an gan su ba. Har tulun ruwa ake ajiyewa a wurin don iska ta sanyaya shi, kamar yadda muke yi da randa. Baitu Nasif da aka gama ginawa a 1881, wanda Sarki Abdul'aziz ya sauka a ciki a 1925, yana nan da katakonsa. A 2014 UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya. Kuma mu shaida ne, daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da yawa a Jidda, irin su Sabil da Karantina da Gulel inda mutanenmu suka daɗe, amma gidajen rawashin gyara su ake yi ana kashe musu kuɗi, baƙi suna zuwa ɗaukar hoto. Su masu ƙasar sun san darajar abin. Mu kuma mun tsallake dabarar da aka yi don zafi ba wuta, wadda ita ce daidai da halin garuruwanmu, mun ɗauko wadda ba ta aiki sai da mita.

Na Ingila ma za su ba ku labari. Akwai gidaje birjik da suka haura shekara 100 da tagoginsu na katako na asali, kuma in gidan yana cikin waɗanda hukuma ta kare saboda tarihi, ba ka isa ka cire ka sa na roba ba sai da izini. Mu ma ba baƙin itace ba ne a gini. Azarar giginya ce take riƙe da rufin tsofaffin sorayenmu. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, da ƙasa da azara ya ɗaga bakansa.

Yanzu bari in zo kan abin da na san za ku rubuta a ƙasa, don na san ku.

Na farko za ku ce GARA. Gaskiya ne, gara tana cin katako. Amma wane katako? Yawancin tagogin da kuka ga sun ruɓe, da farin katako mai laushi aka yi su, irin obeche, wanda aikinsa silin ne da akwati da katakon zuba kankare. Ba a yi shi don ruwa da rana ba. Katakon taga shi ne mai nauyi: iroko, madaci, kawo, ko tik in an samu. Kirya kuwa kowa ya san da ita ake turmi da taɓarya saboda taurinta. Irin waɗannan gara ba ta cika son su ba, musamman jan cikin itacen. Farin gefen da ke kusa da ɓawo shi ne abincinta, don haka a ce wa kafinta ya yar da shi. Sannan a shafe katakon da maganin gara irin su Solignum kafin a kafa, har bayan firam ɗin da zai shige bango, nan ne ake mantawa kuma nan take bi. Taga ba ta taɓa ƙasa, sai gara ta yi hanya a jikin bango kafin ta kai gare ta. In mutanen gida suna kankare wannan hanyar da zarar sun gan ta, an gama da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu za ku ce katako yana kumbura da damina, ya tsage da hunturu. Ɗanyen katako ne ke yin haka sosai. Yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga kudu ake kawo shi, inda akwai laima, wani ko mako biyu bai yi da yankewa ba. In aka yi aiki da shi a haka, da iskar hunturu ta buso sai ya murɗe. Maganin abin shi ne haƙuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana tona fandisho ka tura kuɗin katako, a saya, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya yi watanni yana bushewa, ya ga hunturu guda. Kafin gini ya kai linta ya zama daidai da iskar garinku.

Na uku, ɓarayi. Gilashi ne zai tare ɓarawo? Dutse ɗaya ya ishe shi. Abin da ke tsare taga shi ne sandunan ƙarfen da mai walda yake yi, kuma ko wace irin taga ka sa sai ka yi su. A kafa su a cikin bango, a sa ragar sauro, marfin katako ya zo da sakata mai kyau ta ciki. Amma ina roƙonku, a kowane sashe na gida a bar taga ɗaya wadda ƙarfenta yake buɗewa da kwaɗo, makullin yana rataye inda kowa ya sani. Mun sha jin gobara ta tashi, ƙofa ta toshe, mutane suna ihu a bayan ƙarfe ba hanyar fita. Allah ya kiyaye.

Na huɗu, wani zai ce sare itatuwa yana jawo hamada. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Mun ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba da wasu wurare, ana lodinta zuwa Chaina, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Kada ka sayi katakon sata. Amma ka auna: katakon tagogin gida guda da zai yi shekaru masu yawa yana aiki, da itacen girki da gawayin da gidan zai ƙone a shekara ɗaya, wanne ya fi cin daji? Kuma in ka gina, ka sa a dasa darbejiya ko mangwaro ta gabas da yamma da gidan. Ka mayar da abin da ka ɗauka, ka samu inuwa a kan bango, ga ladan sadaka mai gudana.

Na biyar, kuɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, katako mai kyau ba shi da araha, wani lokaci ma zai kai kuɗin alminiyom ko ya fi. Araha ba ta ado. Amma ka yi lissafin shekara goma. Tagar alminiyom ƙananan tayoyi take gudu a kai, ƙurar hunturu tana cika hanyar, tayar ta ci, marfin ya sauka daga layi. Yaro ya buga ƙwallo gilashi ya fashe, sai an je birni an yanko, an ɗauko a mota ana addu'a. Shi ya sa za ka ga gida sabo, an toshe taga da kwali ko buhu. Tagar katako in ta cije, kafintan unguwa zai zo ya ɗan fere ta, ya canja hinji, ka ba shi na goro. Fenti ko man katako duk bayan shekara biyu zuwa uku, shi ke nan. Kuma kuɗinka ya shiga aljihun kafintan garinku da yaran shagonsa, wataƙila hakan ya hana wani yaro bin hanyar Agadas.

To ga shawara ga wanda yake gini daga nesa, domin mu matsalarmu ke nan, ba ma wurin.

Kada ka tura kuɗi ka ce "a sa taga" kawai. Ka faɗi sunan katakon. A Kano akwai 'Yan Katako a Na'ibawa, a Yamai akwai kasuwar Katako, a Kumasi akwai Sokoban. Ka sa wanda ya san itace ya raka mai sayen. A yi maka bidiyo KAFIN a shafa komai, domin da an sha fenti, obeche da madaci duk ɗaya suke a hoto. Ka ce a danna farce a jiki kana kallo: in ya lotsa, mai laushi ne. A ɗaga shi, mai kyau yana da nauyi. Kafinta ya haɗa kusurwa da huda da harshe, katako ya shiga cikin katako, kada ya dogara da ƙusa kaɗai. A shafe ko'ina, har sama da ƙasan marfin, domin ta bakin yanka ruwa yake shiga.

Ka gaya wa magini kowane ɗakin kwana a yi masa taga biyu a bango daban-daban, don iska ta shiga nan ta fita can. Taga ɗaya ko ta zinariya ce ba ta jan iska. Manyan tagogi su fuskanci kudu da arewa, na gabas da yamma a rage musu girma. Ka tuna a ƙasarmu hadari daga gabas ya fi tasowa, don haka tagar gabas a yi mata 'yar rumfa a sama, ko a sako bakin kwano ya rufe ta. In kana son haske, a sa ɗan ƙaramin gilashi a can sama, ƙasa kuma marfin katako. A bar 'yan ramukan iska kusa da silin, da raga, domin zafi sama yake taruwa.

Kada ka biya kuɗin aiki duka a farko, ko da ɗan uwanka ne. A yi taga ɗaya a gani, in ta yi a ci gaba. Wannan ba rashin yarda ba ne, kowa ya san yadda zumunci yake lalacewa a kan kuɗin gini.

Ke 'yar uwa da kike aikatau, maganar nan ta fi shafarki, domin ku ake fi cuta. Ana ganin ba ki san gini ba, sai a turo miki hoton gida yana ƙyalli ki yi ta murna. Ki tambayi Inna da kanta a waya, a wane ɗaki take kwana da bazara? Amsar da za ta ba ki ta fi hoto ɗari.

Wanda ya riga ya sa gilashi, ba na cewa ya fasa. A yi masa marfin katako mai falle-falle ta waje, musamman ɓangaren da rana take duka. In an tare rana kafin ta taɓa gilashin, za a ji bambanci tun ranar farko, labule na ciki ba ya yin wannan aikin.

Wanda yake da babban gida a birni, da sola mai ƙarfi da kuɗin AC, ya sa abin da ya ga dama, ba da shi nake ba. Da mu nake, masu tara riyal ɗari biyu, ɗari uku, muna hana cikinmu don a sayi siminti. Gidan nan shi za mu koma in ƙarfi ya ƙare ko an ce mu tafi, kuma ranar ba mu da kuɗin fetur. Mu gina shi yadda za a iya kwana a ciki ko da wuta ko babu.

Masu sana'ar alminiyom ku yi haƙuri, ba gaba nake da ku ba, akwai shaguna da ofisoshi da aikinku ya dace da su. Kafintoci kuma ku ji tsoron Allah ku daina sa ɗanyen katako, ku ne kuka sa mutane suka guji sana'arku.

Duk wanda ya san wani ɗan uwa da gininsa ya kusa linta, ya tura masa wannan kafin ya aika kuɗin taga. Wanda kuma yake da tagar katako a gidansu, ya faɗa mana a ƙasa shekararta nawa da irin itacen, mu ƙaru da juna.

Allah ya sa albarka a neman da muke yi, ya mayar da mu gida lafiya, ya ba iyayenmu tsawon rai su more abin da muka gina musu. Amin.